Corollata tana rawa a silo, an ce sai an sauke inji

Wani malamin makaranta daga Jega ya aiko da wannan tambaya: "Wata huɗu ke nan da na sayi Toyota Corolla ƙirar 2006, ta hannu, mai giyar otomatik. Da safe in na tayar da ita sai ta riƙa jijjiga, in na tsaya da giya a ciki har sitiyari ke rawa, wani lokaci kamar za ta mutu. A kan titi tana gudu lafiya, sai dai ta ƙara shan mai. Wutar cek tana kamawa tana ɗaukewa. An canza fulogi sau biyu, an wanke nozul, ba ta sake zani ba. Yanzu makanikina ya ce ringi ne, sai an sauke inji. In yarda? Kuma wane irin sabis ya kamata in riƙa yi mata, a wajen wa?"

Malam, Allah ya sanya alheri a motar, ya kiyaye hanya. Kafin komai, kada ka bari a kwance injin nan tukuna. Ban ga motar ba, kuma ba na son in zubar wa ɗan'uwana makaniki mutunci daga nesa, amma abin da ka lissafo bai yi kama da ciwon ringi, wato zobban da ke jikin fistin, ba. Motar da ringinta ya cinye tana fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai har ka gaji da ƙari, tana kuma kasawa a hawa. Kai kuwa ka ce a kan titi lafiya lau take gudu. Sauke inji shi ne aiki na ƙarshe, akwai kuma gwajin da ba makawa sai an yi kafin a kai gare shi. Zan zo kansa.

Na fara wannan sana'a a Birnin Kebbi tun ana yayin Peugeot 504 da 505, lokacin da kunne da sukundireba sun isa mutum ya daidaita kafireta. Motarka ba 'yar wancan zamani ba ce, tana da ƙwaƙwalwa da ke lissafa mata iska da mai. Amma tushen aikin bai canza ba. Injinta, in 'yar Amurka ce, shi ne wanda Toyota ke kira 1ZZ-FE, silinda huɗu ne, lita 1.8. Ka taɓa tsayawa ka saurari mata suna lugude a turmi ɗaya? Kowace da lokacin sauke taɓaryarta, in ɗaya ta yi jinkiri, ko kana bayan katanga za ka ji kiɗan ya karye. Haka silindojin nan ke bugawa bi da bi: na 1, na 3, na 4, sannan na 2. Kowanne kafin ya buga sai ya sami iska, da fetur, da tartsatsin wuta daga fulogi, da matsi. Ɗaya ya ragu, silindan ya tsallake bugunsa, shi ne abin da muke ce ma misin. Duk binciken makaniki amsar tambaya biyu yake nema: wane silinda ne, kuma me ya rasa cikin huɗun nan. Wanda ya aika ka sayen kaya bai amsa su ba, lalube yake yi cikin duhu, kuma da kuɗinka.

Sai dai ba kowace jijjiga ce daga cikin inji take ba, wannan kuwa kai ma za ka iya gwadawa gobe a ƙofar gida. Ka bar motar ta yi zafi, ka dubi allurar da ke nuna juyin inji. Lafiyayyen silo, wato juyin inji in mota na tsaye ba a taka totur ba, wajen 700 a minti yake zama. Taka birki, sa giya a D, ka ji, sannan ka mayar N. In allura ta tsaya cik ba ta motsi, amma sitiyari da kujera suna rawa a D suna lafawa a N, to a duba injin sit, robobin nan huɗu da inji da giyabos ke zaune a kansu. Zafin bazara da ramukan hanya suna gama da su, in suka zauna ƙarfe ya taɓa ƙarfe, duk motsin inji a jikinka zai ƙare. In kuwa allura tana hawa tana sauka, ko kana jin salansa tana yin tuf-tuf lokaci-lokaci, to maganar ta inji ce. Mota mai shekaru kamar taka tana iya haɗa duka biyun.

Yanzu ga abin da na fi zargi. Ka faɗi abu uku da suka ja hankalina: da safe ta fi yi, a silo take yi, a gudu kuma ta daina. Wannan siffar iskar sata ce, wato iskar da ke shiga inji ta wata kafa ba ta bi ta ƙofa ba. Ƙwaƙwalwar mota tana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Akwai sensa a bayan iyakilina, wato matatar iska, sensar muna ce mata iyafulo, ita ke auna duk iskar da ta wuce, da awonta ake ba nozul umarnin yawan man da zai fesa. In tiyo ya tsage a bayan wannan sensa, ko gaskit ya saki, iska ta shiga ba a ƙirga ta ba, mai ya yi kaɗan, wuta ta riƙa kamawa da kyar. A silo iskar da inji ke sha kaɗan ce, don haka 'yar kafar nan babba ce a wurinsa. In ka taka totur iska ta yi yawa, ta satar ta ɓace a ciki, mota ta miƙe kamar ba ita ba.

Shi kuma wannan inji an san shi da wannan lalura. Manifol ɗinsa na shan iska na roba ne, tsakaninsa da kan inji akwai siririn gaskit da ke bushewa da shekaru. Cikin sanyin safiya yakan ƙanƙance ya buɗe kafa, in inji ya ɗau zafi ya kumbura ya toshe. Shi ya sa masu irin motar ke ganin abin ya tsananta da hunturu.

A hunturun da ya wuce wani saurayi ya kawo min Pontiac Vibe ta mahaifiyarsa daga Argungu. Injinta ɗaya da na motarka. Kafin ta iso wurina an saya mata koyil huɗu, masu ba fulogi wuta, an wanke nozul, ana maganar a nemo rabin inji. Na ce ya bar ta ta kwana. Da sassafe, hazo bai washe ba, na jona kwamfuta na tayar da ita. Lambar matsala ɗaya ce a cikin ƙwaƙwalwar motar, P0171, ma'anarta iska ta rinjayi mai. Na duba adadin man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa don cike giɓi, ya haura kashi 20 cikin 100 a silo. Na sa yaro ya taka totur zuwa 2,500, adadin ya sauko kusan daidai. Na ɗauki gorar ruwa mai hudajjen murfi na riƙa tsiyayawa a bakin manifol, da ruwan ya kai wani lungu sai muryar inji ta canza, ya yi kamar zai shaƙe sannan ya dawo. Muka kwance. Gaskit ɗin ya baje ya yi tauri, na lanƙwasa shi ya karye a hannuna kamar busasshen kara. Saurayin ya jujjuya shi ya ce, "Baba, wagga 'yar roba ce ta ci muna kuɗi haka?" Ita ce. Koyil huɗun da aka cire mata, da na gwada, babu wanda ya mutu.

Ban ce lallai ciwon taka ke nan ba. Na kawo labarin ne don ka ga yadda bincike ke tafiya, kuma don ka san abin da za ka nema in an ce za a sa mata kwamfuta. Duk motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata kafa mai haƙora 16 a ƙarƙashin sitiyari, motocin fetur na Turai kuma daga 2001. Nan ake jona na'urar. Mutanenmu sun kasu biyu a kanta: wasu sun ɗauke ta boka, wasu sun ɗauke ta damfara. Ita kuwa mai ba da labari ce kawai, tana faɗin inda ƙwaƙwalwa ta ji ciwo, ba ta faɗin abin da za a saya. P0301 zuwa P0304 na nufin misin a silinda na 1 zuwa na 4. P0300 misin ne da bai tsaya a silinda ɗaya ba. P0171 ka ji shi, P0172 kishiyarsa ne, mai ya yi yawa. P0420 maganar indomi ce, wato ragar da ke tace hayaƙi a jikin salansa. To in lamba ta ambaci sensar oksijin, wadda ke auna hayaƙi a jikin salansa, sau da yawa sensar lafiyarta ƙalau, gaskiya ta faɗa game da ɓarnar da ke wani wuri. Canza ta daidai yake da korar maigadi don ya ce an shigo gida.

Abu biyu nake roƙonka a nan. Ka ɗauki hoton lambobin da wayarka kafin a taɓa komai, kuma kada ka yarda a goge su kafin a gama bincike. Akwai masu jona na'ura su danna gogewa, wutar cek ta mutu, su karɓi kuɗi, bayan kwana biyu ta dawo. Wasu ma cire kan batir suke yi. Wannan ba gyara ba ne, shaida aka ɓatar. Sannan ka ce a nuna maka STFT da LTFT a fuskar na'urar, su ne adadin man da ake ƙarawa ko ragewa. In suna cikin kashi 10 sama ko ƙasa, ba laifi. In sun yi sama sosai a silo suka sauko da an taka totur, iskar sata ce. In kuwa a silo suna daidai, sai an taka suke hawa, to mai ne ba ya isowa, a koma kan famfo ko iyafulo. Mai kwamfutar da bai san wannan shafi ba, karatun lamba kawai ya iya.

In lambar ta nuna silinda ɗaya, aikin ya zo da sauƙi, kuma ba a sayen komai tukuna. Motarka kowane fulogi da koyil ɗinsa a kai. A ce P0302 ta fito. A ɗauke koyil na 2 a musanya shi da na 3, a goge lambar bayan an rubuta ta, don a nan gogewar cikin bincike take, a zaga gari. In ta dawo P0303, ciwon ya bi koyil, shi kaɗai za a saya. In ta tsaya a na 2, a musanya fulogi, sannan nozul. In duk an musanya tana nan daram, sai a fara tunanin matsi. Aikin da bai fi awa ɗaya ba, amma shi ke raba mai gyara da mai canje-canje.

Fulogin da aka canza maka sau biyu, ina tsofaffin? Da ka ajiye su da sun ba mu labari. Bakin fulogi mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake, kamar toka mai haske. Baƙi busasshe mai gawayi, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na haurowa, a nan ne maganar ringi ke iya samun gindi. In kuma jikin fulogin ne daga sama ya jiƙe da baƙin mai har ya taɓa robar koyil, wannan gaskit ɗin murfin inji ne ke yoyo cikin ramin, ƙaramin aiki ne, kada a tsorata ka da shi. Wannan inji fulogin iridiyam aka yi masa, na Denso ko NGK, mai tazarar milimita 1.1, kuma na asali yana haura kilomita 100,000. Amma jabunsa ya cika kasuwa, kwalinsa har ya fi na gaske sheƙi. In an ba ka iridiyam a farashin na gama-gari, ka san araha ba ta ado.

Sai fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yawancinmu lita biyar, lita goma muke zubawa, wutar rizaf ta zama abokiyar tafiya. Famfon man motarka cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, filtarsa ma a can ciki take. Yawan tafiya da busasshen tanki na gajiyar da shi. Ana auna ƙarfinsa da geji, ya kamata ya ba da wajen 44 zuwa 50 a ma'aunin psi. Ba a gane shi da cire tiyo a ga mai na tsartuwa. Amma famfo mai rauni a gudu da hawa yake nuna kansa, ba a silo ba, shi ya sa ban sa shi a gaba ba.

Man 'yan bumburutu kuwa, na san wani lokaci ba yadda mutum zai yi, in dare ya yi maka tsakanin Koko da Yauri sai abin da ka samu. Amma jarka tana tara ruwa da ƙasa, wani kuma ana yi masa gauraye. Ko gidan mai, da damina ruwa na iya shiga tankinsa na ƙasa. In rawar mota ta fara ne daga ranar da ka sha mai a wani wuri, a zuƙo kaɗan a zuba cikin farar gora a ajiye minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a gindi ya ware, layi a tsakaninsu kamar an ja da zare. In an gan shi, a sauke tanki a wanke, ba a ci gaba da zuba magungunan kwalba ba.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarmu a wannan yanki. Iyafulo wata siririyar waya ce da ake zafafawa da lantarki, in ƙura ta lulluɓe ta sai ta riƙa ƙirga iska ƙasa da yadda take. Ana wanke ta da feshin da aka yi dominta, a bar ta ta bushe. Ba a sa mata fetur, ba a taɓa ta da tsumma ko tsinke. Maƙogwaron totur ma yana tara baƙin datti da ke hana silo zama. A Corolla ta Amurka daga 2005 totur ɗin na lantarki ne, babu wayar da ke jan sa, don haka a wanke shi a hankali, kuma bayan wanki silo na iya hawa na ɗan lokaci kafin ƙwaƙwalwa ta saba. Kada wani ya ce zai daidaita shi da sukundireba, babu abin murɗawa a wurin.

Game da ƙarin shan mai, ka buɗe bonet ka lura da abu ɗaya: da ka murɗa makulli da safe, ba ka kunna AC ba, fankar lagireto tana tashi nan take? In haka ne an yi mata dairek, wato an jona ta da wuta kai tsaye, kuma kusan tabbas an cire tamostat, abin da ke tsare ruwa a cikin inji sai ya yi zafi. Wannan al'ada ta yi mana katutu, ana cewa tamostat na ƙasar sanyi ne. Ba haka ba ne. An ƙera injin ya yi aiki da ruwa mai zafin da ya haura digiri 80, tamostat ɗinsa wajen 82 yake buɗewa. In babu shi inji yana daɗewa bai kai zafinsa ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai, fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke baƙin man da ke jikin silinda. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko wata fom ya gaji, ko fanka ba ta tashi a kan lokaci. A gyara dalilin, a mayar da tamostat.

Wutar cek ɗin ma ka lura da yadda take kamawa. In ta tsaya cak, kana iya lallaɓawa zuwa gareji. In tana ƙyaftawa, misin ne mai tsanani, ɗanyen fetur na zuba cikin salansa yana ƙone indomi. A rage gudu, a nemi wurin tsayawa. Indomin da ya narke yana toshe numfashin mota, kuma yana cikin kayan da suka fi tsada a jikinta. Ka sa ido a kansa duk inda ka bar mota, don ana sayensa saboda ƙarafa masu daraja da ke ciki.

To ga gwajin da na yi maka alkawari. Kafin kowa ya ɗora sifana a kan injin nan, a auna matsi. Ana cire fulogi huɗun, inji da ɗumi, a ɗaura geji a ramin kowanne, a buɗe totur a yi sitata, a rubuta abin da ya nuna. Lafiyayyun silindoji kusa da juna suke zuwa, bambancinsu bai kamata ya wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba. In ɗaya ya faɗi, a zuba masa baƙin mai cokalin shayi ɗaya a sake aunawa. Ya tashi sosai, ringi ne, makanikinka ya yi gaskiya. Bai tashi ba, bawul ne, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, ko gaskit ɗin kan inji, wannan kuwa saman kawai ake buɗewa. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu, kuma sau da yawa za ka ga ruwan lagireto na raguwa, ko farin hayaƙi, ko ƙarƙashin murfin baƙin mai ya yi kamar shayi da madara. In duka huɗun sun zo kusa da juna kuma da ƙarfinsu, maganar sauke inji ta mutu. Ka ce masa cikin girmamawa, "Oga, a auna min kwamfireshan in gani da idona." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. In ba shi da geji, a je inda ake da shi.

Yanzu sabis. A bakin mutanenmu sabis na nufin juye baƙin mai da canza filta, shi ke nan. Yana da muhimmanci, amma ba ya maganin rawa, don haka kada ka haɗa su. A gano ciwo daban, a yi sabis daban.

Tunda ta hannu ka saya, ka ɗauka ba ka san komai ba game da abin da aka zuba mata, ko da mai ita ya rantse. Ka yi mata babban sabis sau ɗaya, daga nan lissafinka ya fara. Baƙin man da Toyota ta rubuta wa wannan inji 5W-30 ne, sau da yawa yana nan rubuce a kan murfin, kuma wajen lita huɗu yake sha. Na san za a ce maka ƙasarmu da zafi, a zuba 20W-50 mai kauri. Wannan shawarar zamanin 504 ce. Injinka yana da VVT-i, wata dabara da ke amfani da matsin baƙin mai ta cikin ƙananan kafofi don sauya lokacin buɗe bawul. Mai kauri yana jinkirin isa can da safe, mai datti kuma yana toshe 'yar ragar da ke tace shi, wannan kansa na kawo rawa a silo. In inji ya tsufa yana ɗan shan mai, ana iya hawa zuwa 5W-40 ko 10W-40, ban ga dalilin wuce nan ba. Ka sayi galan a rufe daga dila da ka sani, a buɗe a gabanka, kuma a huda galan ɗin bayan an juye, don da irinsu ake ɗura jabu.

A yanayinmu na ƙura da zafi, ina ba da shawarar kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. A nan akwai tarko: in motarka 'yar Amurka ce, agogonta mil yake ƙirgawa ba kilomita ba. Kilomita 5,000 wajen mil 3,100 ne. Na sha ganin wanda ke jiran agogo ya cika 5,000, alhali ya riga ya yi kilomita 8,000. Iyakilina a duba ta kowane sabis, da hunturu kowane wata. A ɗaga ta a rana, in haske ba ya ratsawa a canza. Hura ta da iskar mai faci yana yaga takardar, ƙura ta wuce kai tsaye. Man giya na motarka T-IV ne, ba kowane jan mai ba. Lagireto a zuba masa kulan, wato ruwan da aka haɗa don sanyaya inji, don ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri da tsatsa. Man birki a sabunta shi duk shekara biyu. Tayimin ɗinka, abin da ke haɗa juyin inji da buɗe bawul, sarƙa ce, ba a canza ta sai ta fara ƙara. Masu Peugeot 206, da Golf 3, da Honda Civic ta 2001 zuwa 2005 da ke karanta wannan, naku bel ne, in ba ku san ranar da aka sa shi ba ku canza, don a yawancin waɗannan injuna in ya tsinke fistin na dukan bawul.

A wajen wa? Juye baƙin mai ba ya buƙatar babban gareji. Makanikin unguwarku ya isa, in kai ka kawo man da filta, kana tsaye, kuma ba ya ɗaure noti kamar yana fushi da shi. Bincike irin na rawar nan kuwa sai wanda ya haɗa abu biyu: yana da na'ura da geji, kuma hannunsa ya saba da Toyota. Girman allon gareji ba ya nuna haka. Ka saurari tambayoyinsa. Wanda ya ce yaushe ta fara, da sanyi ko da zafi, ina ka sha mai, me aka taɓa canzawa, wannan yana tunani. Wanda tun ba ka rufe baki ba ya ce nozul ne, ka yi masa godiya ka wuce. Direbobin haya na tashar Jega da ke jigila zuwa Birnin Kebbi da Sakkwato sun san hannun kowa, don su motar ce abincinsu, ka tambayi biyu ko uku.

Akwai kuma laifinmu masu mota, dole in faɗa. Ba ma son biyan kuɗin bincike. In makaniki ya yi awa biyu yana aune-aune ya ce 'yar roba ce, sai a ga bai yi aikin komai ba, a ba shi na goro. In ya kwance rabin mota ya sa aka sayo kaya, sai a biya shi da murna. Da haka muka koya wa yara cewa abinci na cikin canza kaya. Ka yi ciniki da shi tun farko: nawa ne kuɗin gano ciwon, daban da na gyara. Ka ce duk abin da aka cire a ba ka a leda. Wajen kaya kuma, koyil da sensa da nozul na Beljiyam na asali sun fi sabon da ba a san asalinsa ba, amma gaskit da roba da filta da bel sababbi ake sa wa, ba a sayen na hannu. In babu a Birnin Kebbi, ana aikowa daga Ƙofar Ruwa a Kano, ka ba da lambar shasi don kada a kawo na wata ƙirar.

Ka sami ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun mota, duk abin da aka yi ka rubuta kwanan wata da lambar agogo. Ranar da za ka kai ta bincike kuma, tunda da safe take nuna halinta, kada ka tuƙo ta daga Jega ka iso da inji da zafi, za ta yi lafiya lau a gaban makaniki ka rasa abin nunawa. Ka kai ta da yamma ta kwana a garejin, ka kwashe takardunka, ka dawo da sassafe a tayar da ita a gabanka na'ura na jone.